Yadda Ake Sassaƙa Sandar Dogarawa da Hannu a Jos

Garin Jos yana zaune ne a kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, kuma duk wanda ya taka lungunan Gangare ko Unguwar Rogo ko Tudun Wada ya san cewa hanyoyinsu hawa ne da gangara, ga duwatsu a tsakiyar hanya, ga santsi idan damina ta kankama. Dattijon da gwiwa ta fara damu, ko majinyacin da ya tashi daga karaya, yana bukatar sandar da zai ɗora nauyinsa a kanta hankali kwance, amma sau da yawa abin da ake miƙa masa guntun sandar mofa ne, ko wani reshe da aka saro jiya aka feƙe yau. Wannan bai dace ba, domin sandar dogarawa tana karɓar nauyin mutum ne a daidai lokacin da ƙafarsa ta gaza, kuma idan ta karye a wannan lokacin, faɗuwarsa za ta fi ta wanda bai riƙe komai ba muni. Saboda haka duk bayanin da zai biyo baya ya ginu ne a kan ƙarfin itacen da kuma dacewar tsawonsa da mai shi. Ado yana zuwa daga baya, idan an ga dama.

Aikin yana farawa daga zaɓen itace, kuma sandar da aka kuskure a wannan mataki babu gwanintar da za ta gyara ta daga baya. Abin da ake nema shi ne itace mai tauri wanda kuma yake da dauriya, wato idan aka danne shi zai ɗan lanƙwasa ya dawo, ba ya ɓalle farat ɗaya ba. A dazuzzukan arewa, ɗunɗu da dargaza sun daɗe da yin suna wajen yin sanda da baka, marke kuma shi ne abin dogaron masu yin ƙotar gatari da ta fartanya. Kanya tana da ƙarfi, gara ma ba ta cika damunta ba. Tsamiya da aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ita, duk suna yi. Ƙirya ta fi su duka tauri, shi ya sa ake yin turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma suke son gawayinta, to amma nauyinta yakan gajiyar da hannun tsoho, kuma a ganina sandar da ta wuce rabin kilo sosai ta zama kaya. Yawancin waɗannan itatuwa sun fi yawa idan aka gangara daga kan tsaunin, wajen Toro a hanyar Bauchi ko wajen Jengre a hanyar Saminaka, domin saman Filato fili ne na ciyawa da duwatsu, itatuwan dajinsa ba su da yawa.

Ga wanda yake cikin gari kuma wannan ne karonsa na farko, gwaba nake ba shi shawarar ya nema. Ana samunta a gidaje da lambuna, namanta a haɗe yake, tana yin sumul idan an goge ta, kuma da wuya ta karye kwatsam. Aibinta ɗaya ne, rassanta ba su cika miƙewa ba, wannan kuwa abu ne da wuta take gyarawa. Darbejiya ma tana yi idan reshen ya ƙosa, ga shi ƙwari ba sa sonta. Bishiyar turare, wadda aka shuka da yawa a kewayen Jos da Bukuru a kan filayen da haƙar kuza ta bari, ita ce ta fi ruɗin mai neman sanda, saboda tohon da ke fitowa daga kututturenta a miƙe yake sambal. Sai dai tana yawan tsagewa da murɗewa wajen bushewa, don haka wanda ya zaɓe ta ya saro huɗu ko biyar, ya san cewa ba duka ne za su kai labari ba. Rimi da kuka da cediya da durumi ba itacen sanda ba ne ko kaɗan, malaina kuma ta fi dacewa da aikin kafinta. Madobiya tana da kyan launi ƙwarai, amma an yi mata sara fiye da kima har ta kai tun 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, saboda haka bai kamata a sare ta don sanda ɗaya ba, sai dai idan guntun da ya rage a wurin kafinta aka samu don yin mariƙi.

Kafin a ɗaga adda, a nemi izinin mai gona ko mai lambu, kada kuma a shiga gandun daji na hukuma ba da sanin malaman daji ba. Reshe ɗaya ko toho ɗaya ake bukata, ba kayar da bishiya ba. Zarto ya fi adda a wannan aiki, domin adda takan tsaga bakin itacen tun kafin a kai shi gida, kuma yankan zarto ya fi saurin warkewa a jikin bishiyar.

Reshen da ya dace kaurinsa a sama ya kai santimita 3 zuwa 3.5 tare da ɓawo, ya riƙa sirancewa a hankali zuwa ƙasa, domin bayan an ɓare shi ya kuma bushe zai ragu. A yanko shi da tsawon mita ɗaya da santimita 30 ko fiye, ko da kuwa gajeriyar sanda ake so, saboda bakunan biyu za su iya tsagewa a zubar da su. A duba jikinsa da kyau: babban ido inda wani reshe ya taɓa fita, ko rami, ko tabon wuta, ko wurin da ɓawo ya lotsa ya yi baƙi, duk wuraren karyewa ne, kuma mafi hatsari shi ne wanda ya faɗo a tsakiyar sandar. Ƙananan idanu ba su da laifi, suna ma ƙara mata kyau. Abu mafi daraja da mai sara zai nema shi ne mariƙin da Allah ya halitta a jikin itacen, wato inda siririn reshe miƙaƙƙe ya fito daga wani mai kauri. Idan aka yanko siririn tare da guntun uwarsa mai tsawon kamar santimita 15, siririn zai zama jikin sanda, guntun kuma ya zama mariƙi, babu gam babu ƙusa, kuma babu wani haɗi na hannun mutum da zai kai wannan ƙarfi. Wani lokaci saiwa ce take ba da irin wannan kai, idan ƙaramin tsiro ne aka haƙo da gindinsa.

Wanda ba shi da halin zuwa daji zai iya sayen katako a Kasuwar Katako da ke Laranto ya sa a tsaga masa, amma da sharaɗi guda mai muhimmanci. Ya dubi layukan da ke jikin katakon, ya tabbata sun bi tsawonsa daga sama har ƙasa ba tare da sun karkace sun fita ta gefe ba. Sandar da aka fitar daga katakon da layukansa suka gicciye takan yi kyau a ido, amma ranar da aka dogara da ita da gaske za ta rabe ta bin wannan layin. Wannan ne dalilin da ya sa reshe ya fi katako aminci, domin jijiyoyinsa a haɗe suke tun daga tushe, ba wanda ya yanke su.

Lokacin sara mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ruwan jikin itace ya ragu kuma fumfuna ba ta da ƙarfi. Daga nan sai mataki mafi tsawo, wanda kuma mutane suka fi ƙetarewa, wato busarwa. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, kuma ruwan yana fita ta bakin da aka yanka da sauri ninki goma ko fiye a kan yadda yake fita ta gefe. Idan baki ya bushe ya tsuke alhali ciki yana nan jiƙe, dole ne ya tsage. Hunturun Jos kuwa, da busasshiyar iskarsa ta Disamba da Janairu, yana iya tsaga reshen da aka ɓare aka bari a fili cikin 'yan kwanaki. Maganin wannan shi ne a toshe bakunan biyu tun ranar da aka sare shi: a narka kyandir ko kakin zuma a gwangwani, a tsoma kowane baki kamar santimita 3, ko a shafa masa fenti mai mai har sau biyu. A bar ɓawon a jikinsa a watannin farko domin ya rage saurin fitar ruwan.

Sai a nemi wuri mai inuwa da iska take ratsawa a hankali, kamar zaure ko ɗakin ajiya. Kada a sa shi a rana, kada a kusa da murhu, kada kuma a can sama dab da kwanon rufi inda zafin rana yake taruwa. Mafi kyau a ɗaure igiya a kansa a rataye shi a tsaye, ko a kwantar da shi a kan katako shimfiɗaɗɗe inda dukkan jikinsa zai samu madogara, domin reshen da aka jingina da bango na tsawon watanni zai kantare ya ɗauki siffar jinginar. Kada gindinsa ya taɓa ƙasa, saboda gara. Labarin sandar Annabi Sulaiman, alaihis salam, wadda gara ta ci yana dogare da ita, yana nan a Suratu Saba'i, aya ta 14, kuma garar yau ba ta canza hali ba. Lokaci zuwa lokaci a duba ƙarƙashin reshen. Idan aka ga ɗan gari mai laushi ya zubo, ko ƙananan huji a jikin ɓawo, to ƙwaro ya shiga. A ɓare shi nan take, a gasa shi sama-sama a kan garwashi har zafi ya ratsa shi, idan kuma hujin ya yi yawa a haƙura da shi ya zama makamashi.

Tsawon lokacin bushewa ya danganta da irin itacen. Reshen gwaba ko darbejiya da aka sara a Nuwamba yakan isa aiki kafin ruwan Afrilu ya sauka, amma ƙirya da kanya da tsamiya gara a ba su shekara guda cur. Hanyar da ta fi tabbaci ita ce awo. A ɗora reshen a sikeli ranar da aka kawo shi, a rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa, a riƙa sake aunawa duk bayan mako biyu. Yakan zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, kuma idan awo uku a jere suka zo daidai, ya bushe. Kunne ma yana taimakawa, domin busasshen itace idan aka ƙwanƙwasa shi a kan siminti ƙararsa a sarari take fita, ɗanye kuwa a dushe.

Bayan ya bushe sai ɓarewa. A zauna a kan kujera, a tokare gindin reshen da ƙasa, a riƙa tura wuƙa mai kaifi daga jiki zuwa waje, ana ɗaukar ɓawo kaɗan-kaɗan ba tare da an ci naman itacen ba. A wurin ido a sassauta hannu, a zo masa ta ɓangarori biyu, domin wuƙa takan nutse a nan ta ɓanɓaro fiye da abin da ake so. Wanda ya iya gizago zai iya rage kauri da shi, amma wanda bai saba ba ya tsaya ga wuƙa da magagari, tun da abin da gizago ya cire ba ya dawowa.

Miƙar da sanda aiki ne na wuta da haƙuri. Zafi yana tausasa abin da ya haɗe jijiyoyin itace, idan kuma ya huce sai su daskare a sabuwar siffar da aka ba su. A rufe ido ɗaya a hango sandar daga kai zuwa gindi, a yi wa wuraren da suka karkace alama da gawayi, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. A ɗan shafa ruwa ko mai a wurin, a riƙe shi a saman garwashi, ba a cikin harshen wuta ba, ana jujjuyawa har ya yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba. Wanda ya fi son tururi sai ya gicciya wurin a bakin tukunyar da ruwa ke tafasa, ya rufe da tsumma na kamar minti 15 zuwa 20. Daga nan a sa tsumma mai kauri a gwiwa, a ɗora wurin, a ja bakunan biyu a hankali, ko a saƙala shi tsakanin rassa biyu na bishiya a danna. A wuce daidai da ɗan kaɗan, domin zai ɗan koma idan an sake shi, kuma a riƙe shi haka har ya huce. Idan aka ji ya yi 'yar ƙara, a dakata a mayar da shi wuta. Ba sai sanda ta miƙe ƙyam ba. Abin da ake bukata shi ne mariƙi da gindi su kasance a layi ɗaya, yadda nauyi zai sauka kai tsaye zuwa ƙasa.

Yanzu sai gwaji, kuma dole ne a yi shi a jikin wanda zai riƙe sandar, ba a jikin mai sassaƙa ba. Ya sa takalmin da ya saba fita da shi, ya tsaya a wuri mai daidai, ya saki hannuwansa. Dattawa sukan miƙe fiye da yadda suka saba idan aka zo gwada su, don haka a lallaɓa a ce, "Baba, a tsaya yadda aka saba tsayawa." Inda layin wuyan hannunsa ya tsaya, nan ne saman mariƙi zai kai. Idan ya riƙe sandar, gwiwar hannunsa za ta ɗan lanƙwashe da kusan digiri 15 zuwa 20, kafaɗarsa kuma ba za ta ɗaga ba. A mafi yawan manya wannan yakan kama tsakanin santimita 85 da 95, wato kusan rabin tsawon mutum. Sandar da ta yi tsawo tana tura kafaɗa sama ta jawo ciwon wuya, gajeriya kuma tana sa mutum ya duƙa. Hanya mai sauƙi ita ce a juya sandar, mariƙi a ƙasa, a jera ta da hannunsa, a yi alama a daidai wuyan hannun, a cire kaurin robar da za a sa, sannan a yanke. A fara yankewa da ɗan rara, ya taka da ita kwana biyu, a rage idan da bukata. Wannan awo na sandar dogarawa ne. Doguwar sanda irin ta makiyaya, ko wadda matasa ke hawa duwatsun Shere da ita, takan kai ƙirji ko kafaɗa, saboda a gangara ana bukatar ta riga ƙafa isa ƙasa.

Idan reshen ya zo da mariƙinsa, aikin kawai a gyara shi da magagari har ya zauna a tafin hannu. A ba mai sandar ya riƙe, a tambaye shi inda yake tokararsa, a rage wurin. Ga mai amosanin gaɓɓai, mariƙi mai faɗi wanda tafin hannu zai kwanta a kai ya fi siriri, domin ba sai ya damƙe da yatsu ba. Tsawon santimita 11 zuwa 13 ya ishi yawancin hannuwa, kuma ya kamata jikin sandar ya sauka a ƙarƙashin tsakiyar tafin hannu ko kusa da haka, kada nauyi ya rataya can a ƙarshen mariƙin.

Idan babu mariƙi na halitta, ana iya haɗa wani daga guntun katako mai tauri ko ƙahon sa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a buga ƙusa daga sama a ce an gama, alhali ƙusa tana tsaga kan sandar, kuma ba ta daɗewa take fara girgiɗi. Abin da ya dace shi ne a samo dogon noti mai zare a jikinsa, mai kaurin milimita 8 da tsawon kamar santimita 12, irin wanda ba a rasawa a wajen masu kayan ƙarfe na Dilimi, a yanke kansa. A huda tsakiyar kan sandar da injin huda, zurfin santimita 7 ko 8, a kula ramin ya bi tsawon sandar sak, sannan a huda ƙasan mariƙin daidai sauran ƙarfen. A gwada haɗin ba gam har sai fuskokin biyu sun haɗe ba rata, sannan a kwaɓa gam mai haɗi biyu irin Araldite, a cika ramukan, a haɗa, a bar shi yini da kwana ba a taɓa ba. Zoben jan ƙarfe da aka yanko daga bututun masu aikin famfo, idan aka zura shi a wuyan sandar kafin haɗawa, yana hana kan tsagewa, yana kuma rufe haɗin.

Hanya ta uku ita ce lanƙwasa kan sandar ya zama kwagiri, kuma ita ce mafi wuya. Kwagirin da ake sayarwa a kasuwa galibi da wata kara mai yaɗo ta kurmin kudu ake yinsa, wadda take lanƙwasuwa cikin sauƙi, itacen dajinmu kuwa ba haka yake ba. A nan ne maganar Hausawa ta cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi take aiki kai tsaye, domin wanda yake son kwagiri ba zai jira reshen ya gama bushewa ba. Bayan 'yan makonni da sara, a ɓare santimita 40 na sama, a dafa wurin a tururi ko a tafasasshen ruwa na kimanin awa ɗaya ga kowane santimita 2.5 na kauri. A riga an kafe wani kewayayyen gungume mai faɗin santimita 9 ko 10 a kan benci. Da fitowarsa daga tukunya, ba ɓata lokaci, a shimfiɗa langalanga a bayan wurin da zai lanƙwashe domin ta hana jijiyoyin waje tsinkewa, a naɗe shi a jikin gungumen a ja guda ɗaya mai natsuwa, a ɗaure da igiya tamau. Mutum biyu ne suke yin wannan aiki. A bar shi a ɗaure har sandar ta gama bushewa, idan aka kwance da wuri zai buɗe.

Gogewa ba ta da wuya, lokaci kawai take ci. Masu sassaƙa na gargajiya sukan kankare itace da gutsuren fasasshiyar kwalba, a riƙe shi a tsaye a kan itacen ana ja, sai ka ga siraran zare suna murɗewa suna zubowa, wurin kuma ya fito yana ƙyalli. Wanda zai gwada ya naɗe gefen da yake riƙewa da tsumma. Bayan haka a bi da samfefa mai lamba 80, sai 120, sai 220, kullum ana bin tsawon sandar, ba a gicciye ba. Kafin ta ƙarshen a shafa jiƙaƙƙen tsumma a bari ya bushe, ƙananan gashin itacen za su miƙe, samfefar ta share su. A rufe hanci da takunkumi, domin ƙurar wasu itatuwa tana tayar da tari.

Wanda yake son ado zai iya zana layuka da ƙarfen da aka gasa a wuta, yadda ake yi wa ƙwarya, ko ya naɗe sandar da jiƙaƙƙen tsumma siriri a murɗe, ya bi da ita ta saman wuta har wuraren da ke buɗe su yi duhu, idan ya kwance sai zane ya fito yana kewaya ta. Dukawan Naraguta, da suka yi suna a aikin fata, za su iya ɗinke mariƙin da jar fata su kuma sa masa madauki na wuyan hannu, abin da yake da amfani sosai a sanyin Jos. Sharaɗin ado ɗaya ne, kada a yi yanka mai zurfi da ya kewaye jikin sandar, domin nan ne za ta karye.

Game da abin shafawa, na fi son mai a kan banish ɗin kafintoci. Banish yana ba da sheƙi nan take, amma a saman itacen yake zama, yana sa hannu zamewa idan an yi gumi, kuma da ya fara ɓarewa sai an kankare shi duka. Mai kuwa shiga ciki yake yi. Man linsid da ake samu a shagunan fenti shi ya fi, saboda yana daskarewa a cikin itacen: a shafa, a bar shi minti 20, a goge rarar tsaf, a jira kwana ɗaya ko biyu, a maimaita sau uku ko huɗu. A kula ƙwarai da tsumman da aka yi aikin da shi, domin idan aka dunƙule shi aka jefar yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a waje ko a jiƙa shi da ruwa. Inda babu linsid, man kaɗanya da aka narka tare da kakin zuma yana yi, a shafa wa sandar tana da ɗumi, a murza da tsumma har hannu ya daina jin maiƙo. Kada a shafa baƙin mai na mota, yana ɓata tufa kuma ba shi da kyau ga fata.

Gindin sanda shi ne yake haɗuwa da dutse da tayil da jiƙaƙƙen siminti, saboda haka kada a bar shi tsirara. Shagunan kayan asibiti suna sayar da robar ƙasan sanda, mafi yawa mai faɗin milimita 19 ko 22 ko 25. A auna gindin a sayi wadda za ta shiga da ƙyar, a kuma jefa washa ta ƙarfe a cikinta kafin a zura, don kada itacen ya huda robar. Idan ba a samu ba, mai gyaran takalmi zai iya yanko kewayayyen guntun tsohuwar taya ya manna da gam, ya ƙara da sukuru ɗaya wanda kansa ya nutse cikin robar sosai. Gindin ƙarfe ya dace da doguwar sandar daji kawai, a kan tayil ɗin masallaci ko na asibiti kuwa zamewa yake yi.

Kafin a miƙa ta ga mai ita, wani wanda ya fi shi nauyi ya gwada ta. Ya kafa ta a ƙasa ya ɗora nauyinsa a tsaye, sannan ya ɗan karkata ta ya sake dannawa, ana juya ta ta kowane ɓangare, ana saurare. Ƙara ko motsi a wurin haɗi yana nufin a koma baya a gyara. A kuma nuna wa mai ita yadda ake riƙo, domin da yawa suna riƙewa a ɓangaren ƙafar da ke ciwo, alhali daidai shi ne a riƙe a hannun da ke ɗaya ɓangaren, sanda da ƙafa mai ciwo su tafi gaba tare. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce take fara hawa, wajen sauka kuma sanda da mai ciwon su suke fara sauka. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko yake fama da jiri, ko aka yi masa aiki a ƙugu, ya fara tambayar likita ko masu gashin ƙashi na asibiti, domin wataƙila abin da yake bukata mai ƙafa huɗu ne, wanda sandar itace ba za ta maye gurbinsa ba.

Kulawa da ita bayan haka kaɗan ce. A sake shafa mata mai a farkon hunturu da kuma kafin damina, idan ruwa ya dake ta a goge a bar ta ta bushe a inuwa, kada a bar ta cikin mota a rana. Robar gindi ita ce take fara ƙarewa, musamman a kan duwatsun Jos, don haka a riƙa juya sandar ana dubawa duk wata, kuma da zarar zanen ƙasanta ya shafe ko ta cinye ta gefe ɗaya, a canza ta.